Gariba da Shanun Holan

Baba Gariba mai fenti ne, amma kada ka kuskura ka kira shi haka a gabansa. Zai ajiye cokali, ya dube ka sama da ƙasa, ya ce maka shi mai zane ne, fenti ƙaddara ce ta same shi a Doha. Mutumin Zangon Kumasi ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, ga baki kamar rediyon da maɓallin kashe shi ya lalace. Ni kuwa Shamsu ne daga Malumfashi, direban wani dattijo ɗan ƙasar Katar da ake kira Abu Jasim. Ƙaramin kamfanin gyaran gidajen da Gariba ke wa aiki na dattijon ne, sai dai babban ɗansa Jasim ne ke riƙe da shi. Ta haka muka haɗu a ɗaki ɗaya a unguwar Mansura, gadonsa a ƙasa, nawa a samansa, na yi shekaru ina jin minsharinsa yana ratso katifa.

A Kumasi, in ji shi, babu mai aski ko mai gidan tuwo da ya isa ya buɗe shago a Zango bai biyo ta wurinsa ba. Shi ke zana allon kawunan da masu aski ke ratayewa a ƙofa, shi ke zana zaki da shaho a bayan motocin haya da suke kira tirotiro. Kuma yana da wata ɗabi'a da yake tinƙaho da ita: bai taɓa ba mutum daidai abin da ya nema ba, sai ya ɗora masa gyara. Mai aski ya ce kawuna yake so, ya zo ya tarar da tsuntsu a saman allon. Direba ya ce zaki, ya samu zaki da bishiyar kwakwa a bayansa. "Mai koko ma yana ƙara maka ludayi," in ji Gariba, "balle ni." Daga baya injin buga hotuna ya shigo gari, wanda ke fitar da allon shago kafin ka gama shan shayi. Masu shaguna suka koma can. Gariba ya jira su dawo, ba su dawo ba, ya sayar da kayan aikinsa ya hau jirgi.

A Doha abin da aka miƙa masa rolar shafa fenti ce da bokiti. Ya shafe benaye a sabon birnin Lusail tun suna ƙarafa tsaye har suka zama otel-otel, kuma launi biyu kawai aka taɓa neman sa da su, fari da ruwan madara. In ya dawo da yamma na tambaye shi yau me ya zana, sai ya ce ya zana farin doki a cikin farin hazo, wanda ba shi da ido ba zai gani ba. Ina tsokanar sa da tuwon zafinsu mai ruwa-ruwa, yana tsokana ta da cewa mu 'yan Najeriya muna magana kamar muna karanta labaran duniya. Ban taɓa cin sa a gardama ba, don ko na kawo hujja ba ya tsayawa ya ji.

Lokacin korona aka rufe mu a ɗakin nan, ba aiki, ba masallaci, ba zuwa ko'ina sai shagon ƙasan bene da takunkumi a fuska. A cikin wannan zama ne wata ranar Talata bayan la'asar wayarsa ta yi ƙara. 'Yarsa Sherifa ce, ita kaɗai Allah ya bar masa. Matarsa Ajaratu ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, hawan jini, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Babu jirgi, babu hanya. A waya ya ji an sallace ta, yana zaune a bakin gado, mu 'yan ɗaki kuma mun kewaye shi. Ban taɓa jin tausayin wani mutum kamar yadda na ji nasa a ranar ba. Ko da aka buɗe hanyoyi bai je gida ba. Kamfani na rage mutane, wanda ya tafi hutu ba lallai a kira shi ya dawo ba, ga Sherifa na makarantar koyon aikin otel, shi ke riƙe da ita.

Sai a shekarar gasar cin kofin duniya fuskarsa ta sake. Wata safiya ya tashe ni da duka a ƙafa.

"Direba, tashi. Yarinya na ya samu aiki."

A Hausarsu ta Zango mace ma "ya" ce, na daɗe da daina gyara masa. Sherifa ta samu aiki a wani otel a Lusail, za ta iso kafin a fara gasar. Gariba ya shiga shiri kamar mai aurar da 'ya. Ya saya mata bargo a tsakiyar zafin da ke narka takalmi. Ya hau jirgin ƙasa na Metro ranar hutunsa ya je ya gano tashar da za ta riƙa sauka, ya dawo ya kwatanta mini hanyar kamar ba ni ne direba ba. Burinsa ɗaya ne, ranar da za ta sauka ta tarar da ubanta tsaye a filin jirgi.

Shi kuwa maigidana Abu Jasim, korona ta kama shi da ƙarfi. Ya daɗe a asibiti, ya fito da huhu rabi, ɗansa ya ajiye shi a sabon gidansa. Tsohon gidan dattijon na unguwar Al Asmakh ya zauna a rufe. Da ya samu ƙarfi sai ya kafe a kan a mayar da shi can, ya ce ba zai ƙarasa kwanansa a gidan da ba ya jin ladanin da ya sani ba. Jasim ya ga ba makawa, ya sa a yi wa gidan kwaskwarima. Falon baƙi, wanda suke kira majalis, Gariba aka ba shi kaɗai ya shafe.

A bangon majalis ɗin nan akwai wani zane na fentin mai, cikin firam na katako mai ruwan zinari. Na daɗe ina shiga ina fita a ƙarƙashinsa ban taɓa tsayawa na dube shi ba. Karkarar ƙasar Holan ce. Sama ta cinye fiye da rabin zanen, gajimare ya haɗo, rana ta leƙo ta gefe ta zuba haske a kan ciyawa. Ƙasar a shimfiɗe take, ko tudu ɗaya babu, sai can nesa wani injin niƙa mai fukafukai da iska ke juyawa. Shanu ne a gaba. Wata ta shiga rafi ruwa ya kai mata ƙauri, wata na kwance tana tuƙa, wata mata mai farar hula na tatsar wata baƙa mai dabbare-dabbare. Babbarsu ja ce, tana tsaye a gicciye a gaban kowa.

Ranar farko da na kai masa abincin rana, na tarar da rola na bushewa a bokiti, shi kuma yana zaune a ƙasa ya naɗe ƙafa a gaban zanen.

"Direba, zo ka ga mutum," ya ce. "Duba hanci na saniya nan, yana da danshi. Duba ciyawa, ba kore ɗaya ba ne, ya shimfiɗa wani ya bari ya bushe, ya sake shimfiɗa wani. Haske nan kuma na kafin ruwa ne. Mutum nan ya tsaya a fili ruwa ya dake shi, ba a ɗaki ya ji labari ba."

Na ce masa ni yunwa nake ji. Ya ce shi ya sa Allah ya yi ni direba.

Amma zanen ya samu rauni. A zaman da gidan ya yi a rufe, na'urar sanyaya ɗaki da ke samansa ta yi ta ɗigar da ruwa, danshi ya shiga, fenti ya ɓamɓare a wuri ɗaya mai faɗin tafin hannu. Wurin kuwa daidai saman wuyan jar saniyar ne, inda wuya ke haɗuwa da gadon baya. Gariba ya duba ya ce ruwa ya cinye mata tozo. Ya san akwai muturu, ƙananan shanun kurmi marasa tozo, amma waɗancan gajeru ne, ba su fi manyan awaki da yawa ba. Saniya mai wannan girma da wannan hantsa, a ce ba tozo, wannan bai shiga kansa ba. Ya ce zunubi ne dattijo ya dawo daga jinya ya tarar da dabba a haka. Na ce masa bango aka sa shi, ya tsaya a bango. Ya ce to.

Wannan "to" ɗin ban yarda da ita ba, amma a makon aka yi ta aike na nan da can, ban koma gidan ba. Ashe ya je wani shagon kayan makaranta ya sayo ƙananan kwalaben fentin mai da siraran buroshi. Da safe ya yi bango, da rana in zafi ya kori kowa daga titi ya sauke zanen ya jingina shi da kujera. A ɗaki na lura ya daina minshari da wuri, yana tashi da waƙa a bakinsa, yana soya mana ƙosai ba Juma'a ba. Na ɗauka zuwan Sherifa ne.

Ranar da na kai labulaye ya tare ni a ƙofa, ya ce in cire takalmi, in rufe ido. Da na buɗe, jar saniya na tsaye da tozonta, tsayayye, mai ɗan karkata gefe kamar na bijimin da ya sha dusa, haske na sauka a kansa daidai yadda yake sauka a sauran jikinta. Ko ka sa hanci a jikin zanen ba za ka ga inda tsohon fenti ya ƙare sabo ya fara ba. Sai na kai ido ga sauran. Ta cikin rafi tana da tozo. Ta kwance tana da tozo. Baƙar da ake tatsa ma, matar nan mai farar hula ta jingina goshinta a jikin saniya mai tozo.

"Baba Gariba, waɗannan kuma fa? Ai su ruwa bai taɓa su ba."

"Da na gyara ɗaya, sai saura suka zama kamar marayu," ya ce. "Mutum nan gwani ne, amma ina jin mai kaya ya matsa masa ya kawo aiki bai gama ba. Na ƙarasa masa. Gyara ne."

Gaskiyar magana, zanen ya yi kyau. Ni da na taso ina ganin shanun Fulani na ratsa bayan gidanmu, sai a ranar na ji shanun nan sun zama shanu. Amma kafin in gama jin daɗin, sai na tuna kayan wane ne aka taɓa.

Jasim ya zo duba aiki kafin a dawo da mahaifinsa. Mutum ne da ya girma a ƙarƙashin zanen nan, kallo ɗaya ya yi masa ya tsaya cak. Bai ɗaga murya ba, da ma ba halinsa ba ne. Ya tambayi wanda ya yi, Gariba ya matso gaba yana murmushi, yana jiran yabo. Jasim ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Ƙarshen wata za a soke masa takardar zama, a ba shi tikitin gida. Ya sa aka sauke zanen aka kai sito aka juya fuskarsa bango.

An ce doka ta canza, ma'aikaci na iya sauya kafil, wato ubangidan da takardarsa ke hannunsa, ya nemi wani wurin. Amma gine-gine na ƙarewa, ana sallamar matasa ma, wa zai ɗauki mai furfura? Ƙarshen watan nan kuwa ya riga zuwan Sherifa. Ma'ana shi ya sauka a Accra, ita ta taso, su saɓa a hanya. A ɗaki Gariba ya jawo akwatinsa daga ƙarƙashin gado. Ya ciro bargon nan ya miƙa mini, ya ce in ta zo in kai mata, in ce mata kada ta riƙa shan ruwan sanyi da yawa. Na ce ya riƙe abinsa, ni ba ɗan aikensa ba ne. Haushinsa nake ji da tausayinsa a lokaci guda.

Ranar da na ɗauko Abu Jasim zuwa Al Asmakh, a hankali ya shiga majalis yana dogara sanda. Bai dubi sabon fenti ba, bai dubi labulaye ba. Ya tsaya a gaban bangon da ba komai a kai ya ce, "Ina shanun?" Jasim ya fara kame-kame, wai an kai gyara. Dattijo ya ce a kawo su yanzu. Ni na shiga sito na ɗauko. Ya zauna, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a kira masa wanda ya yi.

Gariba ba ya jin Larabci sai yalla da khalas, don haka ni ne tafinta. Tun a mota na yi masa huɗuba: ka sunkuyar da kai, ka ce ka tuba, kada ka ƙara ko kalma. Ya ce to. Muna shiga ya gaida dattijo, sannan ya miƙe ƙirji.

"Gaya masa ruwa ne ya ɓata, ni gyara na yi. Gaya masa ya zagaya Doha duka, in ya samu hannu da zai haɗa launi nan ya kawo shi in gaishe shi. Ya tashi ya nuna mini inda na mutumin ya ƙare, nawa ya fara."

Na juya na ce, "Ya Hajji, yana cewa ya yi kuskure, a yafe masa."

Abu Jasim ya dube ni ta saman tabarau. "Shamsu, huhuna ne ya lalace, kunnena lafiya lau. Ya yi doguwar magana, kai ka kawo gajeruwa. Kuma wannan ba fuskar mai neman gafara ba ce. Faɗa mini duka."

Na faɗa masa duka. Dattijo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Jasim ya miƙa masa ruwa. Da ya nutsu ya ce gaskiya ne, shi bai ga mahaɗar ba. Sai ya soma wata magana a hankali, ina juya wa Gariba.

Ya ce shekaru da yawa da suka wuce ya kai matarsa, Ummu Jasim, jinya Holan. Tsakanin masaukinsu da asibiti jirgin ƙasa suke hawa. Ita da ta taso ba ta san komai ba sai yashi da teku, takan manna goshinta a taga tana kallon shanu cikin ciyawa, ta ce in ta ga sun kwanta hankalinta ma kwanciya yake. Ranar da aka sallame ta suka ga zanen nan a wani ɗan shago a bakin ruwa. Ba na wani shahararre ba ne, wani tsoho ne ke yin su a kan salon mutanen da. Ta ce ba za ta bar ƙasar ba sai da shi, kuma a cinyarta ta riƙo shi cikin jirgi.

"Waɗanda ka zana suna da kyau," in ji dattijon. "Amma naka ne. Ita ba ta san su ba."

Gariba ya dube ni. "Matar, ya rasu?"

Na ce ta rasu, kafin korona.

Ƙirjin da ya miƙe ya sauka. Ya ce, "Allah ya jiƙan shi." Ya tsaya yana kallon shanun nan da ya zuba wa duk abin da hannunsa ya tara a shekarun rola, sannan ya ce in tambayi dattijo ko akwai auduga a gidan.

Jasim ya so a kai zanen wurin ƙwararru. Mahaifinsa ya ce a'a, wanda ya sa shi zai cire. In shanun suka dawo yadda suke, shi zai yi magana da ɗansa. In kuma aka ƙara ɓata su, maganar Jasim na nan.

Cire tozon ƙananan bai ba shi wuya sosai ba, don sabon fentin bai gama kamawa ba, kuma tsohon yana da wani mai sheƙi a kansa da ya raba su. Yakan naɗa auduga a tsinke, ya tsoma a ruwan tsinka fenti mai sauƙi, wanda masu sana'ar ke kira tina, ya riƙa murzawa kaɗan-kaɗan yana riƙe numfashi. Tozo ya narke a auduga, ciyawar Holan ta fito a bayansa. Na ga yadda abin ke ci masa rai. Kowane ya gama sharewa sai ya ce, "Sai wata rana," ya jefa audugar a leda. Abu Jasim kuwa ya sa an kawo masa kujera kusa, kullum yana zaune da gahawa da dabino, yana tura wa Gariba faranti da sanda. Ba mai jin yaren wani, amma in na shigo sai in tarar kamar hira na katse.

Jar saniyar ce matsala. A wurinta babu tsohon fenti a ƙasa, ruwa ya cinye. In ya cire nasa, dole ya zana mata gadon bayan da bai taɓa gani da idonsa ba. Na buɗe masa waya na nemo hotunan shanun Holan, na gaske da na zane, ashe mutanen ƙasar sun yi ɗaruruwan shekaru suna zana shanunsu. Ya yi ta shafa fuskar wayar yana girgiza kai. "To duka haka Allah ya yi su," ya ce. "A miƙe kamar benci." Ya kwaso kwalaye daga shagon ƙasan bene ya riƙa gwaji a ɗaki bayan sallar asuba. Ya ja layi daga ƙugu, lafiya lau, yana zuwa kafaɗa sai hannu ya tashi sama da kansa. Ya zagi hannun, ya ɗauki wani kwali. Sauran 'yan ɗaki suka riƙa yi masa dariya, ni ma na yi, amma kowa na sane da cewa wata na ƙarewa.

Ranar da zai yi na gaske na ƙi zuwa ko'ina, na ce mota na buƙatar wanki. Ya share tozon da ya fi so a cikinsu, wannan karon bai ce masa "Sai wata rana" ba. Ya cike gurbin, ya haɗa ruwan toka da ɗan rawaya ya mayar da gajimaren da ke bayan saniyar, ya haɗa ja da ruwan ƙasa. Sai ya yi bisimilla, ya riƙe wuyan hannun damansa da na hagu, ya ja layin daga ƙugu har wuya a tafi ɗaya. Ya ajiye buroshi ya ja da baya, gumi na ɗiga daga gemunsa duk da sanyin ɗakin.

Abu Jasim ya miƙe da sandarsa ya matsa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ƙura wa jar saniyar ido. Sannan ya ce, ba da mu yake ba, "Na'am. Ita ce." Ya koma ya zauna, ya ce in kira masa Jasim a waya. Abin da ya ce masa gajere ne: mutumin nan yana nan, kada a taɓa takardarsa.

Da na juya wa Gariba, bai yi godiyar kirki ba ma. Ya nuna kusurwar zanen ya ce in tambaya ko dattijo na son ɗan tsuntsu a can sama, tunda wurin fili ne. Wannan kam ban fassara ba, na kama shi da riga na fitar da shi.

Sherifa ta iso da hantsi, gari ya cika da tutoci, filin jirgi maƙil da masu riguna kala-kala. Dattijo ne da kansa ya ce in ɗauki mota in kai Gariba. Ya sa kaftaninsa na Juma'a, ya wanke hannu da sabulu har fata ta yi fari, ya tsaya a bakin ƙarfen da ake jira yana ɗaga wuya don gajarta. Ni na fara hango ta, doguwa, da gyale ruwan goro, tana tura akwati. Shi da ya bar ta tana 'yar sakandare, sai da ta tsaya a gabansa ta ce "Baba" sannan ya gane ta.

Ta durƙusa ta gaishe shi a tsakiyar mutane. Ya kamo ta ya ɗaga, bakin nan da ba ya mutuwa ya rasa abin cewa, sai "Ka zo lafiya? Ka ci abinci?" yake ta maimaitawa. Ta riƙe hannunsa da hannu biyu ba ta saki ba. Can sai na ga ta ɗaga hannun ta kai kusa da fuskarta. Sabulu bai iya da tina da fentin mai ba, warinsu na shiga fata ya zauna.

"Baba, ka koma zane," ta ce.

Ya ce, "Shanu ne kawai."

Ta sake shaƙa, idanunta suka ciko. "Haka gidanmu yake wari lokacin da Mama yana nan."

Gariba ya kifa fuskarsa a kafaɗarta, kafaɗunsa suka soma rawa. Na ja akwatin na yi gaba, na ce su same ni a mota.